Nazarin Lamari: Ciwon Cinyar da Ya Kai Kwana 19 Kafin a Gane Maruru Ne a Cikin Tsoka

Majiyyacin da halin da yake ciki kafin ciwon

Mutumin da wannan nazari ya shafa magidanci ne ɗan shekara 41, mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar, mazaunin wani gari mai babbar kasuwar hatsi a arewa maso yammacin Najeriya. Sana'arsa dako ce, yana sauke buhunan masara da dawa da waken suya daga manyan motoci yana loda su a wasu, kuma buhu ɗaya kan kai kilo 100. Bai taɓa kwanciya a asibiti ba, ba ya shan taba, kuma a iya saninsa ba shi da wata cuta da yake fama da ita.

Ciwon jiki ba baƙo ba ne a wurin ɗan dako, don haka shi ma, kamar abokan aikinsa, ya saba biyawa ta kemis da yamma ya sayi diklofenak, maganin kashe zafin ciwo, ya sha kafin ya kwanta. Akwai wasu abubuwa uku da bai ɗauke su da muhimmanci ba, sai da likita ya yi ta tambayarsa daga baya sannan ya tuna su. Na farko, ya yi kusan wata shida yana fama da yawan ƙishirwa, yana tashi fitsari sau uku ko huɗu cikin dare, wandunansa kuma sun fara yi masa yawa. Na biyu, sau biyu a cikin shekarar maruru ya fito masa a hammata, ya fashe da kansa ya warke. Na uku, mahaifiyarsa ta yi fama da ciwon suga har ta rasu. Shi dai ya danganta ƙishirwar da ramar ga zafin rana da wahalar aiki.

Kwana na 1 zuwa na 5: buguwa da farawar ciwo

A farkon watan Nuwamba, lokacin da kaya suka yi yawa a kasuwa saboda kaka, wani buhu ya zame masa yana saukowa daga mota, gefen bodin motar ya buge shi a gaban cinyar dama. Fata ba ta tsage ba, jini bai fito ba, ya ɗan murza wurin ya ci gaba da aiki har yamma. A kwana na 2 bai ji wani abin a zo a gani ba. A kwana na 3 ne ya fara jin wani ciwo can ciki, wanda ya kwatanta da ɗaurewar tsoka irin wadda kan kama mutum cikin dare, sai dai wannan ba ya saki.

Matarsa ta gasa masa wurin da tsumma da ruwan zafi safe da yamma, ta shafa masa man zafi, shi kuma ya ƙara yawan diklofenak ɗin da yake sha zuwa sau uku a rana. Zafin kan lafa na sa'o'i kaɗan ya dawo. Zuwa kwana na 5 ya kasa lanƙwasa gwiwa sosai, har ya zamana a zaune yake sallah, ƙafar dama a miƙe, domin zaman tahiya na ja masa tsokar gaban cinya yana jin kamar za ta tsage. Ciwon da buguwa ko wahalar aiki ke jawowa yakan kai ƙololuwarsa cikin kwana biyu zuwa uku sannan ya fara sauka, amma wannan kullum ƙaruwa yake yi.

Kwana na 6 zuwa na 11: zazzaɓi ya shigo

A daren kwana na 6 ya kwana da rawar sanyi da zafin jiki. Da safe ya je kemis ya ce zazzaɓi da ciwon jiki ke damunsa. Ba a yi masa gwaji ba, aka ba shi maganin maleriya na kwana uku, aka yi masa allurar diklofenak, aka kuma haɗa masa wasu ƙwayoyi a leda, waɗanda daga baya da aka duba ragowarsu a asibiti aka tarar akwai deksametason a ciki, wani magani mai danne kumburi da garkuwar jiki. Kwana biyu ya ji daɗin jikinsa ƙwarai, zazzaɓin ya sauka, har ya koma kasuwa a kwana na 8 ya ɗauki 'yan buhuna yana ɗingishi. A kwana na 9 komai ya dawo, ya ma fi na da.

A kwana na 10 ya je wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwarsu. An ɗebi jininsa, aka ce an ga ƙwayar maleriya kaɗan, gwajin Widal kuma ya nuna taifot. Aka sake masa wani maganin maleriyar, aka rubuta masa maganin kashe bakteriya mai suna siprofuloksasin miligiram 500 safe da yamma na kwana biyar. Ya ambaci ciwon ƙafar, ya kuma faɗi cewa mota ce ta buge shi, aka ce masa zai warware idan ya huta. Ba a ce ya kwanta a duba cinyar ba, ba a kuma auna sugansa ba.

Kwana na 12 zuwa na 18: kumburi da maganin gida

Daga kwana na 12 cinyar ta fara kumbura a fili. Abin da ya rikita iyalinsa shi ne yanayin kumburin: fatar wurin ba ta yi ja ba, ba ta yi sheƙi ba, babu kan maruru, babu kaluluwa a matsematsi, amma idan aka taɓa sai a ji wurin ya yi tauri kamar icce. Aka kira maɗori, ya lalube ƙashin daga gwiwa zuwa ƙugu ya ce babu karaya, jini ne ya kwanta. Ya yi masa tausa mai ƙarfi, ya shafa magani, ya ɗaure da ƙyalle. Majiyyacin ya ce a duk tsawon jinyar ba a yi ranar da ya sha azaba kamar wannan ba, kuma a daren zazzaɓin ya fi na kowane dare zafi.

A kwana na 15 aka kawo wanzami ya yi masa ƙaho a wurare huɗu a kan kumburin, jini baƙi ya fita, amma taurin bai ragu ba. Wasu daga cikin 'yan uwa suka nemi a yi masa sakiya, wanzamin ya ƙi, ya ce bai ji inda ya nuna ba, kuma ba zai soka ƙarfe a wurin da bai san zurfinsa ba. Wata gwaggonsa da ta zo dubiya ta ce wannan daji ne, kuma daji ba ya son allura ko wuƙa, idan aka taɓa shi da ƙarfe bazuwa yake yi. Maganar ta yi tasiri a gidan, aka koma ga jiƙo da shafe-shafe har kwana uku.

A cikin kwanakin nan ya daina cin abinci, sai ruwa da yake ta kwankwaɗa, bakinsa kuma kullum a bushe. A daren kwana na 18 ya fara sambatu, yana kiran sunayen abokan aikinsa yana cewa a sauke kaya. Da asuba yayansa ya samo mota ya ce asibiti za a tafi, ko wa zai ce me.

Kwana na 19: abin da aka gani a babban asibiti

A sashen gaggawa zafin jikinsa ya kai digiri 39.4, bugun zuciyarsa 118 a minti ɗaya, awon jininsa 100 bisa 60. Likita ya sa aka cire ƙyallen, ya auna kaurin cinyoyin biyu da tef a wuri ɗaya, santimita 15 sama da ƙoƙon gwiwa: ta dama santimita 54, ta hagu 47. Gaɓar gwiwa ba ta tara ruwa ba, ƙugu yana juyawa, zafin duk yana cikin tsokar gaban cinya ne. Da ya danna da yatsu biyu a tsakiyar kumburin, sai ya ji kamar akwai ɗan laushi can ƙasa.

Akwai cututtuka da dama da ke iya zuwa da irin wannan kama, kuma an bi su ɗaya bayan ɗaya. Gudan jini da ke toshe babbar jijiyar ƙafa yana kumbura cinya ya sa ciwo, ciwon da ƙwayoyin cuta ke yi wa ƙashi yana zuwa da zazzaɓi da zafi mai zurfi, yagewar tsoka kan tara jini a wuri ɗaya, sannan akwai ciwon daji na gaskiya da kan tsiro a tsokar cinya, ga kuma tashin sikila. Hoton ƙashi ya nuna ƙashin cinya lafiya lau. Gwajin jini ya nuna jinotayif ɗinsa AA ne, wato ba shi da sikila, ba ya kuma ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Fararen ƙwayoyin jininsa sun kai 19,000, alhali a lafiyayyen mutum sukan tsaya tsakanin 4,000 da 11,000. Awon ƙoda ya ɗan haura yadda ya kamata. Sugansa ya kai 21 a ma'aunin milimol, kuma duk wanda aka auna a kowane lokaci aka samu 11.1 ko fiye, tare da alamomi irin nasa, ciwon suga gare shi. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan mutum na wata biyu zuwa uku da suka wuce, ya ba da kashi 11 cikin ɗari, ma'aunin tabbatar da cutar kuwa 6.5 ne.

Hoton sikanin ne ya raba gardama. Jijiyoyin jini a buɗe suke, amma a can cikin tsoka, kusa da ƙashi, akwai wani rami mai tsawon kusan santimita 11 da faɗin santimita 5 cike da ruwa mai kauri. Likita ya soka allura yana kallon hoton, ya ja sirinji, sai ga mugunya mai kauri ta cika shi. Aka tura ta ɗakin gwaji, bayan kwana uku sakamako ya nuna ƙwayar bakteriya mai suna Staphylococcus aureus, irin wadda maganin kuloksasilin ke kashewa.

Cutar da aka gano

Sunan cutar a wurin likitoci payomayosaitis, wato maruru a cikin naman tsoka. Wani likitan tiyata Bajamushe mai suna Scriba ne ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1885, kuma ta fi yawa a ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya, shi ya sa aka daɗe ana danganta ta da su. A irin waɗannan ƙasashe, kusan tara cikin goma na masu cutar wannan ƙwaya ce ta Staphylococcus ke jawo musu ita, ƙwayar da ke zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa, wadda kuma ita ce ke haddasa marurun da aka saba gani. Ta fi kama manyan tsokoki: gaban cinya, ɗuwawu, da tsokar da ke bin ƙashin baya ta cikin ciki zuwa ƙugu.

Lafiyayyar tsoka tana da wuyar kamuwa, ko da ƙwayar cuta ta shiga jini ta ratsa ta cikinta. Abin da ke buɗe mata ƙofa shi ne rauni, ko da ƙarami ne, domin inda tsoka ta ƙuje jini kan ɗan taru, ƙwayar da ke yawo a jini kuma ta samu mazauni. Idan garkuwar jiki ta yi rauni saboda ciwon suga, ko cuta mai karya garkuwar jiki, ko rashin abinci mai gina jiki, ko shan magunguna irin su deksametason, sai ƙwayar ta samu sararin hayayyafa.

A shekarar 1979 wani likitan tiyata a Najeriya, Chiedozi, ya wallafa bayanin majiyyata 112 da aka samu wurare 205 na irin wannan ciwo a jikinsu, kuma rabe-raben matakai uku da ake amfani da su har yau ana jingina su ga aikinsa. A mataki na farko akwai ciwo da ɗan zazzaɓi da tauri, amma mugunya ba ta taru ba, kuma maganin kashe bakteriya da ya dace kan iya warkar da mutum ba tare da tiyata ba. A mataki na biyu, wanda kan zo tsakanin kwana 10 da 21, mugunya ta taru, kuma a nan ne mafi yawan majiyyata ke isa asibiti. A mataki na uku ƙwayar ta bazu cikin jini, tana iya taɓa huhu da zuciya da ƙoda, tana kuma iya kashewa. Wannan majiyyaci ya iso ne a ƙarshen mataki na biyu, yana gab da shiga na uku.

Kwana na 20 zuwa na 33: tiyata da jinya

Tun a daren da aka ba shi gado aka sa masa ƙarin ruwa, aka fara yi masa allurar insulin, aka kuma fara ba shi kuloksasilin ta jijiya duk bayan sa'a shida. An dakatar da diklofenak saboda ƙodarsa, aka koma farasitamol. Da aka zo batun tiyata iyalin suka yi jim, domin maganar gwaggo tana nan a zukatansu. Likita bai yi doguwar muhawara ba, ya kira yayan majiyyacin gefe, ya nuna masa sirinjin nan cike da mugunya, ya ce masa: "Alhaji, irin wannan ce cike a cikin ƙafar ƙaninka, kuma babu maganin da zai shanye ta, sai an ba ta hanya ta fita." Yayan ya sa hannu a takarda.

A kwana na 20 aka shiga da shi ɗakin tiyata. An tsaga gefen cinyar, aka ratsa har cikin ramin, aka fitar da mugunya kimanin mililita 300, likita ya sa yatsa ya farfasa ƙananan aljihunan da suka rarraba ramin, aka wanke da ruwan gishiri na asibiti. Ba a ɗinke wurin ba, an bar shi a buɗe da robar da ke tsiyayar da ragowar ruwa, domin irin wannan ciwo daga ciki ake so ya ciko. Washegari zafin jikinsa ya sauka zuwa 37.8, hankalinsa ya dawo, ya nemi kunu.

A kwana na 23 zazzaɓin ya sake hawa zuwa 38.9, duk da cewa gwaji ya tabbatar maganin da ake ba shi ya dace da ƙwayar. Maimakon a canza magani, sai aka maimaita sikanin, aka gano wani ƙaramin rami na biyu a saman cinyar wanda bai haɗu da na farko ba. An zuƙe shi da allura, mililita 60 suka fita. Daga kwana na 25 zazzaɓi bai sake dawowa ba. Sugansa ya sauko ya tsaya tsakanin 7 da 10, awon ƙoda ya koma daidai, fararen ƙwayoyin jini suka sauka zuwa 9,500.

Wankin ciwo kullum ne, kuma shi ne abin da ya fi gajiyar da shi. Masu gashin ƙashi sun fara zuwa tun kwana na 26, suna sa shi lanƙwasa gwiwa kaɗan-kaɗan a kan gado, domin tsokar da ta yi ciwo ta kuma daɗe a miƙe tana iya ƙagewa. Bayan kwana goma na allura aka mayar da shi ƙwayar fulukuloksasilin ta baki, aka sallame shi a kwana na 33 yana dogara sanda.

Bayan sallama

An umarce shi ya cika mako huɗu cif yana kan maganin kashe bakteriya, a lissafa tun daga ranar tiyata. Kuɗi sun yanke masa a tsakiya, abokan aikinsa na kasuwa suka yi karo-karo suka saya masa ragowar, bai tsallake ko kwana ɗaya ba. A mako na shida bayan tiyata ciwon ya rufe, bambancin kaurin cinyoyin ya koma santimita 1. An janye insulin a hankali aka ɗora shi a kan metformin, ƙwayar maganin suga ta baki. A wata na uku gwiwar ta lanƙwashe sosai, ya koma zaman tahiya yadda ya saba, HbA1c ya sauka zuwa 7.8. Ya koma kasuwa a tsakiyar wata na huɗu, ya fara da ɗinkin buhu da awo kafin ya koma ɗaukar kaya.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki, da dalili

Gashi da man zafi da diklofenak na kwanakin farko ba laifi ba ne, domin kowa zai ɗauki abin a matsayin buguwa. Inda suka fara cutarwa shi ne bayan kwana na 5, lokacin da ciwon ya ƙi sauka, suka zama abin da ke rufe alamar da ya kamata a gani. Deksametason ya fi su ɓarna nesa ba kusa ba, domin ya danne zazzaɓi da kumburi har majiyyacin ya zaci ya warke ya koma ɗaukar buhu, alhali yana raunana garkuwar jikinsa yana kuma ƙara hawan sugan da ba a san da shi ba.

Maganin maleriya bai yi aiki ba saboda ba ita ce matsalar ba. A yankin da sauro ya yi yawa, musamman a ƙarshen damina, ana iya samun ƙwayar maleriya a jinin babban mutum ba tare da ita ce ke sa shi zazzaɓi ba. Gwajin Widal guda ɗaya kuwa ba hujja ba ne a inda taifot ta zama ruwan dare, yakan nuna akwai cutar a jikin wanda ba shi da ita. Siprofuloksasin ba shi ne zaɓin da ake yi wa Staphylococcus ba, kuma ko da maganin da ya dace aka ba shi bayan mugunya ta taru, ba zai wadatar ba, saboda jini ba ya shiga cikin ramin mugunya balle ya kai magani. Tausa mai ƙarfi a kan tsokar da ke cike da ƙwayoyin cuta tana iya tura su cikin jini, ƙaho kuma bai wuce fata ba, ciwon yana can kusa da ƙashi. Wanzamin da ya ƙi yin sakiya ya yi daidai, kuma ya cancanci a faɗa, domin manyan jijiyoyin jini na ƙafa ta cinya suke bi, ƙarfen da aka soka a makance zai iya zubar da jinin da ba za a iya tsayarwa a gida ba.

A ganina, babbar damar da aka rasa ita ce ta kwana na 10. A ranar ce majiyyacin ya fara zama a gaban ma'aikacin lafiya, ya faɗi zazzaɓi, ya faɗi ciwon ƙafa, ya faɗi buguwa, amma aka raba su gida biyu, aka yi wa zazzaɓi magani aka bar ƙafa ta huta. Da an ɗora hannu a kan cinyar an ji taurin nan, da kuma an ɗiga jinin yatsa a na'urar awon suga, mai yiwuwa ne da an kama cutar tun mugunya ba ta gama taruwa ba. Ciwon jikin maleriya ko'ina yake kamawa, ba ya tsayawa a tsoka ɗaya ya taurara ta.

Abin da ya warkar da shi abu uku ne da suka tafi tare: fitar da mugunya, maganin da gwaji ya tabbatar yana kashe ƙwayar har tsawon mako huɗu, da sauko da suga domin fararen ƙwayoyin jini su iya aikinsu, ciwon kuma ya ciko. Shawarar maimaita sikanin a kwana na 23 ita ma ta taka rawa babba, domin cutar takan yi rami fiye da ɗaya, kuma zazzaɓin da ya dawo bayan tiyata ya fi nuna akwai sauran mugunya a ɓoye fiye da gazawar magani. Ciwon suga, wanda shi ne ya share wa cutar hanya, yana nan tare da shi, don haka an rubuta masa zuwa asibiti duk bayan wata uku a auna HbA1c, a duba ƙafafunsa da ƙodarsa, a duba idanunsa sau ɗaya a shekara, an kuma gaya masa ya kawo kansa da zarar maruru ya sake fito masa a ko'ina a jiki.